Kayan Jegon Adda Zinariya

Asabar, 18 ga Oktoba, 2014

Motar promo ta zo kasuwa yau. Na kai ledojin omon da muka tara, Wilson ya ba ni babban baho shuɗi da bokiti biyu. Wilson ne mai ƙirga leda a bayan motar, ɗan Numan, baki kamar rediyo. Da ya hango ni a layi ya ce, "Oboi Mutasim, yu no de taya? Kai kaɗai za ka kwashe kamfanin nan." Dariya kawai na yi.

Mutane ba su san dokar ba, shi ya sa ake koro su. Akwai jan tauraro a kusurwar ledar ta dama. In ya yage, leda ta zama shara, Wilson ba ya karɓa ko babansa ne ya kawo. Kuma daidai nan mata ke sa haƙori. Na daɗe ina bin masu wanki da guga na unguwar Karewa da masu wankin mota, ina roƙonsu su riƙa yagawa ta hagu. Yanzu sun saba, a buhu suke tara mini. Dada, mahaifiyata, ke wankewa ta shanya, ta danne a ƙarƙashin tabarma su miƙe, sannan ta ɗaure da zare.

Ɗakin yayata Adda Zinariya ya kusa cika. Bokitai, kwanon sha, fulas, tawul, sabulu har kan taga. Duk na jegonta ne. Haihuwar fari ce, gida za ta zo wanka, mijinta Hamma Faruk ya ce zai kawo ta daga Mubi tsakiyar watan gobe. Na ce wa Dada kayan sun yi yawa, mace ɗaya ce za ta haihu ba unguwa ba. Ta ce in rufe mata baki.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Adda ta kira. "Sarkin Bola," haka take ce mini tun da na fara harkar leda. Ta ce tana fatan an wanke kayan da kyau, ɗanta ba zai fara duniya da warin kwata ba. Na ce ai kawunsa ya sha warin a madadinsa. Ta yi dariya har tana cewa wayyo cikina. Ƙafafunta sun kumbura, takalmin Hamma Faruk take sawa.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ina sauke katan a shagon maigidana Oga Bawa sai Adda ta kira. Ana ihu a bayanta, da ƙarar da na ɗauka tayar mota ce ta fashe. Ta ce, "Mutanen nan na daji sun shigo. Muna fita, Faruk ya ce ta dutse za mu bi. Ka ce wa Dada kada ta damu." Na ce wane dutsen? Layin ya yanke.

Na gaya wa Dada daidai yadda ta faɗa. Ta ce to. Ta ci gaba da wanke leda.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Wuni na yi a bakin gada da tashar Jambutu. Mutane a kan tirela, a bayan tifa, wasu a ƙafa tun daga Song. Ƙafafu kawai nake kallo da farko, ina neman mace mai takalmin maza. Da yawa ba su da takalmin ma. Wata tsohuwa ta riƙe murfin tukunya, ba tukunyar, ba ta san tana riƙe da shi ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Wayarta a kashe. Ta Hamma Faruk ma.

Laraba, 5 ga Nuwamba

An ce ana kai mutanen Mubi sansanin Damare. Oga Bawa ya ba ni rabin wuni na je. Masu gadi sun hana ni shiga. Ban ga laifinsu ba, ba su san wanda zai shigo da me ba. Sun ce in faɗi sunanta za a duba. Na faɗa. Na zauna a gindin bishiya har la'asar, ba wanda ya dawo mini da magana.

Amma na lura da abu ɗaya. Wata Hajiya ta zo da buhun tufafi, aka caje buhun aka buɗe mata. Wani fasto ya zo da tabarmi, shi ma. Wanda ya zo nema yana waje. Wanda ya zo bayarwa yana ciki, har da mai raka shi ɗaki-ɗaki.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na yi wa Dada maganar bokitan. Sai ta tashi ta shiga ɗakin Adda, ta raba kayan gida biyu. Babban baho, fulas, tawul, sabulun jariri da bokitai masu kyau ta tura su jikin gado. Ta ce waɗannan ba a taɓawa, mai su tana hanya. Sauran rara ce, in ɗiba kaɗan-kaɗan don kada su ƙare kafin in gan ta.

Ina ɗaurewa ta kama hannuna. "Ɓingel am, ɗana, kada ka ce wa kowa sadaka ce. Kayan mai rai ba a sadaka da su. Ka ce rara ce kawai."

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Ranar Juma'a Oga yake rufe shago bayan masallaci, ita ce kaɗai ranar da nake da ita. Na ɗauki bokiti shida da sabulu a keke. An caje, an buɗe mini.

Ban san haka abin yake ba. Abinci ana dafawa ana rabawa, amma abin zubawa babu. Na ga mace tana karɓar wake a gefen zanenta. Na ga gwangwanin fenti ana wanka da shi, shi ne na alwala, shi ne na yara da safe. Bokitan ba su kai ƙofa ta uku ba.

Na duba kowace mai ciki. Suna da yawa, ya Allah. Ina ta maimaitawa kamar mai talla: doguwa, mai wushirya, matar Faruk tela na Shuware, cikinta ya tsufa. Kowa na cewa Allah ya bayyana ta.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Na tarar bokitaina sun haɗa faɗa. Duk ruwan ɗorawa ne, duk tambari ɗaya, in aka jera su a layin bohol ba mai gane nata. Har an yage wa wata ɗankwali. Wata tsohuwa ta tare ni, gajeruwa mai murya, Mama Keturah daga Michika. Tun watan tara suka gudo Mubi, yanzu kuma suka sake gudowa nan. Ta ce, "Kai ne mai bokiti? Ka kawo mana yaƙi a kan yaƙi. Ba ka iya rubutu ne?"

Na ce aji biyar na tsaya amma ina iya suna. Ta sa aka nemo ragowar fenti da tsinke. Na zauna a kan bulo, mata suka yi layi. Sai na ga ashe wannan ya fi yawo: kowace sai ta tsaya a gabana, ta faɗi sunanta da garinta, fentin kuma ba ya saurin kama roba, ina da lokacin tambaya. Ta wace hanya kuka bi? Kun ga mai ciki a dutsen?

Mama Keturah tana tsaye a kaina tana tsawata wa masu tsallake layi. Matar ɗanta, Lilian, tana zaune gefe, cikinta kamar na Adda. Mijin ba su san inda yake ba. Na ba ta sabulu biyu maimakon ɗaya, ba wanda ya yi magana.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Ana cewa sojoji sun ƙwato Mubi. Dada ta share ɗakin Adda sau biyu, ta sa turaren wuta.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Wata ta rantse mini ta ga mai wushirya a sansanin Malkohi. Na tafi can da kayan yau. Daga nesa, a zaune, ta baya, wallahi ita ce. Har na kira. Ta juyo. Yarinya ce 'yar Madagali, ko shekarun Adda ba ta kai ba.

Na ba ta bokitin. Da na rubuta sunanta, ya karkace.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Rarar ta ja baya, na koma tsintar leda har a bola ta gaske. Yawancinsu tauraron ya yage. Na saka su a tsakiyar ɗauri ba don in cuci kowa ba, na ce ko Allah zai sa. Wilson ya zaro ɗaya, ya duba, ya dube ni. Ya ce, "An ce Damare kake kaiwa." Na ce e. Ya mayar da ita cikin ɗaurin ya ce yau idonsa na ciwo, ba ya gani sosai. Nasa ƙanen ma yana karatu a Mubi, amma shi ya iso, ƙafa duk ta fashe.

Lahadi, 7 ga Disamba

Yau abu ya lalace.

Mama Keturah ta nemi izinin fita coci, daga can ta yi ta tambaya har ta gano gidanmu a Luggere. Ina tsakar gida ina shanya leda ta yi sallama. Na ji daɗi. Na ce Dada ga Mamar da nake ba ki labari. Dada ta shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi hawa, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Tun nan ya kamata in gane. Ta kwance bakin zane ta ajiye 'yar gyaɗa a leda, ban san inda ta samo ba. Sannan ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Mama, mun zo gaisuwa. Ya haƙuri? Yarinyan ki ya yi mana alheri ko bayan ransa. Kullum muna addu'a, mu da Musulmai duka, Allah ya ba shi wurin hutu."

Dada ba ta gane ba da farko, har ta ce amin. Sai na ga fuskarta ta canja. Ta ce, "Wa ya mutu?" A hankali. Sannan da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo: "Wa ya mutu a gidan nan? Kin ga gawa? Kin ga makara?" Ta ɗauki gyaɗar ta tura mata a cinya. Ta ce ta tashi ta fita.

Mama Keturah ta fita tana cewa yi haƙuri, yi haƙuri, ta bar takalminta ƙafa ɗaya. Na bi ta da shi har bakin titi. Ba ta kalle ni ba.

Litinin, 8 ga Disamba

Dada ta sa wa ɗakin Adda kwaɗo, makullin yana bakin zanenta. Ta ce na je na binne 'yarta a bakin mutane. Na rantse ban taɓa cewa sadaka ba. Ta ce ko cokali ba zai sake fita ba.

Ba ta wanke leda yau ba. Na wanke da kaina, ban iya dannewa ba, duk sun nannaɗe.

Juma'a, 12 ga Disamba

Na je Damare hannu rabbana. Gindin bishiyar nan dai. An kawo sababbin mutane a mota biyu daga wajen iyakar Kamaru, na ga kawunansu kawai ta saman katanga.

Asabar, 20 ga Disamba

Promo ya ƙare, yau ce motar ƙarshe. Abin da na tara ni kaɗai bokiti biyu ya ba ni. Wilson ya ƙara mini kwanon sha daga nasa. Na ajiye a shago, ban kai gida ba.

Watan haihuwar Adda ya wuce tun tuni. Ba mai faɗa a gida. Dada ta daina ƙirgawa da baki, amma ina ganin yatsunta.

Juma'a, 26 ga Disamba

Na shiga da bokiti biyun. Sababbin da aka kawo na bi su ɗaya-ɗaya. Babu.

Ban yi niyyar neman Mama Keturah ba, ita ta gan ni. Tana tsugune bayan ɗaki tana ɗumama ruwa a gwangwanin madara da 'yan karare. Lilian ta haihu ranar Talata, mace. Ruwan gwangwanin nan shi ne na uwa, shi ne na jaririya. Ga sanyin nan da ake yi, su kuma a kan siminti, ɗaki ɗaya da mutum ya fi talatin, taga ba gilas. Na leƙa. Lilian tana rawar ɗari, leɓenta ya yi fari. Jaririyar a cikin rigar wani namiji.

Mama Keturah ta ce, ba ta ɗago ba, "Ɗana, ranar Juma'a kake zuwa. Kullum Juma'a, bayan masallaci. Matan ku suka ce mana wanda ya kawo kaya ranar Juma'a, sadaka ne yake yi wa wani nasa. Kuma kayan mai jego ne, kowa ya gani. Mun ɗauka tambayan da kake yi, zuciya ne bai yarda ba tukuna."

Ashe duk addu'ar da suke mini in na juya baya, ta mamaci ce. Mako bakwai ina kai wa Adda Fatiha ban sani ba.

Na ce ranar ce kawai Oga ke rufe shago. Ta ce, "Ayya." Shi ke nan.

Asabar, 27 ga Disamba

Na gaya wa Dada muna cin tuwo. Ban roƙe ta komai ba, na faɗi abin da na gani ne, gwangwanin da rigar. Ta ce in ci abincina.

Lahadi, 28 ga Disamba

Da na dawo daga sallar asuba na tarar ta fito da babbar tukunya tana kankarewa. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, kamar da tukunyar take magana, "In tana wani waje yanzu, ta haihu. Wata ce ke dafa mata ruwa, wadda ba ta san ta ba." Ta ɗauraye. "Ko kuma ba mai dafawa."

Sai ta kwance makullin ta jefo mini. "Je ka kawo su. Har tsohuwar mai bakin."

Sai da aka yi ta kai da komo da masu kula da sansanin, na kawo Oga Bawa ya tsaya mana. Kafin magariba suna gidan.

Laraba, 31 ga Disamba

Ni ne mai itace da ɗiban ruwa, safe da yamma. Na sari ganyen dogon yaro har mai bishiyar ya fara harara ta.

Wankan farko unguwa ta ji. Lilian tana ihu daga bayan gida, "Mama, za ki dafa ni ne! Yesu!" Dada tana cewa, "Tsaya nan, ragguwa, ko tafasa bai gama ba." Mama Keturah tana riƙe da jaririyar tana dariya har da hawaye, ta ce su a wajensu ba sa kai ruwa haka. Dada ta ce shi ya sa bayanku ke ciwo da wuri. Wannan ce maganar farko da ta yi mata. Ba wadda ta ba wa wata haƙuri. Da yamma na gan su suna tsince shinkafa a faranti ɗaya.

Babban bahon shuɗi ne a bayan gidan. Na ga lokacin da Dada ta ciro shi daga ledarsa. Na fita waje.

Juma'a, 9 ga Janairu, 2015

Sun sa wa yarinyar Endurance. Dada ba ta iya faɗa, Indo take ce mata. Lilian ta fara cika, ta saba da kunun kanwa har tana neman ƙari. Wata maƙwabciya ta ce wa Dada ta ajiye baƙin da ba ta san asalinsu ba a irin wannan lokaci. Dada ta ce ta san asalinsu, daga dutse suka sauko.

Jiya Dada ta kira Lilian daga ɗaki, sai ta ce "Zina." Kowa ya yi kamar bai ji ba.

Asabar, 17 ga Janairu

Na je Mubi. Shingen sojoji ba iyaka, a sauka a ɗaga riga a hau. Gidajen bakin hanya a ƙone, wasu an yi rubutu a bangonsu.

Gidan Hamma Faruk ƙofa a buɗe. An kwashe keken ɗinki da katifa. Tukunya na kan murhu, abin da ke ciki ya bushe ya zama ƙasa. A ƙusa na ga 'yan rigunan jariri da ya ɗinka da ragowar yadin mutane, kowace hannu daban da jiki. Ban taɓa su ba. Daga baya na koma na ɗauko.

Wani dattijo maƙwabcinsu ya dawo. Ya ce tare suka fita. A gindin dutse aka tare su, aka ware maza gefe. Shi ya tsira don ya faɗa rami da tsufansa. Ya ji harbi. Matan an kora su gaba, wasu sun watse cikin dawa. Ya ce ya ga Adda ta zauna a kan dutse ta cire takalmin tana riƙe da shi. Bayan nan bai sani ba. Na tambaye shi sau uku, sau uku ya tsaya a nan.

Litinin, 19 ga Janairu

Na ce wa Dada an gan ta da rai a gindin dutse, tana hutawa. Ba ƙarya na yi ba. Rigunan suna shago a cikin katan, ban san ranar da zan kawo su ba.

Lahadi, 1 ga Fabrairu

Lilian ta yi arba'in. Dada ta yi mata kitso da lalle, ta ce ba za a ce an yi jego a gidanta an fita kamar ba a yi ba. Ba wanda ya yi maganar komawarsu Damare.

Ina zuwa sansanonin har yanzu. Ba kaya, amma masu gadi sun san ni, mai bokiti suke ce mini. Na koma zuwa ranar Talata, na roƙi Oga ya canja mini.

Alhamis, 14 ga Mayu

Sun tafi Michika, damina ta matso, Mama Keturah ta ce gona ba ta jira. Mijin Lilian shiru har yau.

Dada ta kwashe ɗakin kaf ta ɗaure musu. Baho, fulas, tawul, bokitan jikin gado da ta ce ba a taɓawa. Mama Keturah ta ce ya yi yawa. Dada ta ce akwai masu haihuwa a can ma. Sannan ta riƙe mata hannu ta ce, "Ba sadaka ba ce." Mama Keturah ta ce, "Na sani, Mama. Na sani."

Na saka rigunan Hamma Faruk a cikin bahon ba tare da Dada ta gani ba. Za su yi wa wani.

Ɗakin yana amsa murya yanzu.

Talata, 8 ga Maris, 2016

An kawo matan da aka kuɓutar daga daji. Na je. Babu.

Juma'a, 8 ga Maris, 2019

Dada ta rasu ranar Talata, bayan azahar. Ba ta sha wahala sosai ba. Abin da ta ce mini na ƙarshe shi ne kada in canja lambar wayata.

Yau aka yi addu'ar uku. Liman ya ambaci Baba, ya ambaci Dada, sai ya tsaya ya kalle ni. Na girgiza kai. Ya wuce.

Mama Keturah ta zo tun daga Michika, ta tsufa sosai, da Indo a gaba tana tsalle. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Ta yi gaisuwar mutum ɗaya tak, ta kama bakinta.

Laraba, 30 ga Yuli, 2025

Rabon da in yi rubutu a nan har na manta. Ruwan da aka yi ranar Lahadi ya cinye gidaje a Shagari da Yolde Pate, an tara mutane a wata makaranta. Yanzu ina da ɗan shagona. Promo ba kamar da ba, sai ka sayi katan da yawa su ɗora maka bokiti ko faranti, amma ban iya barin su su wuce ba. Matata Kausar kullum tana mita sun cika mata ƙarƙashin gado. Yau ita ta fito da su da kanta, ta haɗa da zannuwanta biyu.

Irin warin nan, irin layin nan. Na raba na gama da wuri. Wata tsohuwa da ruwa ya tafi da komai nata ta riƙe ni da hira, ba ta son in tafi. Ɗan wace unguwa ne, me nake sayarwa, yarana nawa. Ta ce tsohuwata ta iya tarbiyya. Na ce ta rasu. Ta ce, "Allah sarki. Ku nawa ta bari?"

Na ce ni kaɗai ne.

Ta ce Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Na ce amin, na tattara igiyoyina.

Sai a cikin keke, mun kusa shataletalen shiga Jimeta, na ji abin da bakina ya faɗa. Na ɗaga hannu zan taɓa kafaɗar mai keken ya juya. Ya ce, "Oga, sauka ne?" Na ce a'a, mu je.

Kausar ta tambayi me ya sa ban ci abinci ba. Na ce gajiya ce.